Gyadar Kwamanda

Litinin, karfe 7 da rabi na safe

Na bude dakin beraye. Ashirin da hudu, duk da ransu. Shekara sha tara ina wannan aikin a makarantar likitoci, bera bai taba mutuwa a hannuna ba sai wanda kwanansa ya kare. Da an bani farar riga da tuni ana ce mini Farfesa.

Littafin nan Dakta ce ta bani in rika rubuta zafin daki. Gaba nata, baya nawa. Bata zama dakta ba tukuna, karatun takeyi, amma ni na riga na bata, makaranta ta biyo baya in taga dama.

Yau ta shigo nace Dakta yaranki sun kwana lafiya suna gaisuwa. Bata yi dariya ba. Ta kwashi kwalaben fitsari da na kashi ta fita.

Zafin daki daidai.

Kwamanda 3. Direba 2. Amarya 2. Lauya 2. Guntu 1.

Talata, karfe 11

Ta zauna kan kujerata, abinda bata taba yi ba, tace Baba zo in sake yi maka bayani ko kai zaka ga inda na bata. Nace ai kin zo gun masana.

Tace koda tana da jijiyoyi kamar wayar lantarki. Abinda take son ta gano shine ko koda tana aika sako ta wayar nan zuwa sama, daga can a fadawa hanji ya tsotse gishiri da ruwa da yawa ko ya sassauta ya bari su wuce. Shi yasa ta yiwa sha biyu tiyata ta yanke musu jijiyar, sune masu jan salatif a keji. Sha biyu kuma ta bude ta dinke bata yanke komai ba, sune masu shudi. Abincinsu a sikeli ake aunawa, gishirin ciki dan kadan ne kuma ta san yawansa. Karkashin kowane keji akwai mazurari, fitsari gefe kashi gefe, ni nake kwashewa da safe.

Tace abinda ya shiga na sani, abinda ya fita ina aunawa. To Baba biyar daga cikinsu gishirin da suke fitarwa yafi wanda na basu. Daga ina yake zuwa?

Nace Dakta ai arziki ne ya samemu, bera mai haihuwar gishiri, mu bude shago kawai.

Tace Baba dan Allah.

Ta karanto lambobin. 4, 7, 9, 15, 20. Uku ja biyu shudi.

Lamba 4 shine Kwamanda.

Talata, karfe 4 na yamma

Ni inaga injin awon ne. Injin nan ya girmi Dakta.

Kwamanda 3. Direba 2. Amarya 2. Lauya 2. Guntu 2 dan ya rame.

Laraba, karfe 1

Mai gyara yazo ya kwance injin gaba daya. Na tsaya a kansa ina nuna masa inda zai taba, dan ni injin nan ko cikin barci na san shi. Yace Baba matsa min ka tare haske. Ya gama ya zuba ruwan gwaji har sau uku yace injin lafiyarsa kalau, yafi mai shi lafiya.

Nace to ruwan famfo ne. Dakta tace ba ruwan famfo suke sha ba, kai ma ka sani, kai kake zuba musu.

Hakane. Ni nake zubawa.

Alhamis, karfe 8 na safe

Zafin daki daidai. Na wanke keji shida. Na share.

Kwamanda yana jin karar makullina yake mikewa tsaye ya kama karfen keji da hannu biyu kamar soja a fareti. Duk makarantar nan babu mai tashi tsaye in na shigo sai shi.

Kwamanda 2. Sauran 1 1.

Jumaa, karfe 12

Farfesa ya shigo dakin beraye da kansa. Shine ogan Dakta, shi zai sa hannu a karatunta. Rabonsa da dakin nan tun ina da gashi a ka. Nace ranka ya dade yau ruwa zaayi. Ya toshe hanci yace Baban Beraye kana nan? Nace ina nan daram, ni da su sai ritaya, saura shekara biyu.

Ya juya kan Dakta. Yace bera baya kera gishiri. In lamba ta nuna haka, ko inji ne ko hannun mai rubutu, kuma inji an duba. Tace Farfesa abinda na gani na rubuta. Yace kin tura wadannan lambobin taron masana wata daya da ya wuce da sunana a kai, yanzu an rubuto ana tambayata. Tace ban kirkiri komai ba. Yace ban ce kin kirkira ba. Amma yadda ya fada din ai ya ce.

Daga Litinin shi zai tsaya a kan awo da kansa, sati guda.

Ni dai ina ta goge tebur. Tebur din nan bai taba shan guga irin na yau ba.

Jumaa, karfe 5 na yamma

Ban rubuta lamba ba yau. Babu.

Asabar, karfe 9 na safe

Bera bai san Asabar ba, dole in zo. Mai gyada ta bakin get tace Baba yau ba ciniki? Nace azumin gyada nakeyi. Tace kai da kullum kulli daya mai gishiri sosai. Nace ki rage murya, ke mai gyada ce ko mai shela.

Na saya dai dan kada ta ga kamar fushi nakeyi. Yana aljihu.

Kwamanda ya mike tsaye. Na gaishe shi na wuce.

Lahadi, karfe 2

Gwamnati, wato matata, ta zo wanki ta juye aljihun rigar aiki. Ta daga kullin sama kamar ta kama barawo. Tace kai da likita ya hana gishiri saboda hawan jini, kai da hakoran turmi biyu suka rage maka, me kake da gyada?

Nace ado ne. Manyan mutane suna sa biro a aljihu ni ina sa gyada.

Tace kullum ina ganin bawo a aljihun nan wata biyu kenan, kuma awonka na jini bai tashi ba. To wa yake ci?

Nace mai gadi.

Tace zan tambaye shi.

Matar nan da tayi karatu da tuni ita ce shugabar yan sanda. Amma ni ta aura, duk wayon a guna ta koya.

Litinin, karfe 10

Farfesa yazo da farar riga sabuwa fil. Shi ya karbi kwalabe daga hannuna, shi ya kai inji, Dakta tana tsaye a baya kamar bakuwa. Na ce masa ranka ya dade rike kwalbar kashi ta kasa ake yi. Bai ji ba. Ya gani a hannun riga.

Zafin daki daidai.

Kwamanda 0. Direba 0. Amarya 0. Lauya 0. Guntu 0.

Talata, karfe 10

0.

Laraba, karfe 3

Lambobi sun fara sauka! Duka biyar din. Na ji Farfesa yana fada a waya. Nace alhamdulillahi, magana ta kare, kowa ya huta. Ai ni in na sa hannu a abu sai ya gyaru, ko ban fadawa kowa ba.

Na sayi lemo na kaiwa mai gadi. Yace me akayi? Nace ba komai, ni dai mutum ne mai kyauta. Yace matarka ta tare ni jiya tana tambayata gyada, ni rabona da gyada tun bara. Nace to sha lemonka.

Alhamis, karfe 8 na safe

Kwamanda bai mike ba yau. Ya kalle ni ya juya mini baya. Bera ma da fushi.

Jumaa, karfe 1

Ashe ban gane ba.

Lambobi sun dawo daidai cif. Na dauka murna zaayi. Farfesa ya kira Dakta nan bakin kofar dakin beraye, ina ciki ina jinsu. Yace sati shida ke kadai kina awo, lamba ta haukace. Sati daya na tsaya a kai, ta warke. Me kike so in fadawa mutane? Tace wallahi ban sani ba. Yace nima ban sani ba, shi yasa zan mika wa kwamati. Ranar Alhamis karfe goma. In sun ce kirkira ce, karatun ya kare, kuma babu makarantar da zata sake daukarki.

Tace shekara hudu Farfesa.

Yace na sani.

Da ya tafi ta shigo ta tsaya gaban keji na 4 ta dade. Tace Baba kai kake kwana kake tashi dasu, baka ga komai ba? Ko wani yana shigowa?

Nace makulli a hannuna yake Dakta, ko kuda sai da izinina.

Tace shi yasa na tambaye ka. Kai kadai ne ban taba shakka ba.

Nace ai kuwa.

Zafin daki daidai.

Asabar, karfe 9 na safe

Na wanke keji sha biyu. Shida ne aikin yau amma na wanke sha biyu.

Asabar, karfe 4 na yamma

Na duba bayan littafin nan tun daga farko. Ashe tun kwana uku bayan tiyata nake rubutawa. Rana bata taba tsallake ni ba sai da na daina. Ni fa akwai tsari. Nayi ne dan kada wani yace an fifita wani.

Lokacin nan su biyar sun ki cin abinci, sun kwanta da dinki a ciki ido a rufe. Dakta har ta cire rai da Kwamanda. Abincin nasu na dandana, kamar kwali. Wa zai warke da kwali? Bayan kwana biyu suka tashi garau, Dakta tace Baba hannunka akwai albarka. Ita ta fada da bakinta.

Doka a jikin kofa tace kada a shigo da abinci. Abinci. To.

Lahadi, karfe 11

Gwamnati ta ajiye min shayi bata zauna ba. Tace kwana uku baka yi karyar ka taba kama barawo da hannu daya ba, baka ce kai ka koyawa Farfesa aiki ba. Lafiya?

Nace ina hutar da ku ne.

Tace yarinyar nan da ta zo duba ka asibiti lokacin da jininka ya hau, ta zauna ta yi maka bayanin koda da gishiri har ka daina sata a kicin, ita ce za a kora?

Nace ba ace kora ba. Kwamati ne.

Tace wa yake cin gyadar?

Nace saura shekara biyu in yi ritaya.

Tace ba shi na tambaye ka ba.

Shayin ba sukari. Da gangan tayi.

Litinin, karfe 8 na safe

Zafin daki daidai.

Litinin, karfe 2

Dakta tana kwashe takardunta a kwali. Nace ina zuwa Dakta, ai baayi zaman ba. Tace gara in rage kaya. Ta bani kofin shayinta mai hoton koda tace ka rike Baba. Nace ni da nake da kofuna sun fi talatin a gida. Na karba.

Tace abinda yake bata mata rai ba korar bace. Sha tara din da suka rage lambobinsu suna nuna wani abu, masu jan salatif hanjinsu baya rike gishiri da ruwa kamar na masu shudi, kadan ne amma akwai. Yanzu ba wanda zai yarda da ko daya. Tace in mutum yayi karya a biyar, wa zai yarda dashi a sha tara?

Nace ai baki yi karya ba.

Tace kai ka sani, ni na sani.

Eh. Na sani.

Talata, karfe 10

Na je har kofar ofis din Farfesa. Sakatariya tace me kake so Baba? Nace nazo duba ko akwai bera a ofis din ne. Tace babu. Nace to madalla, aikina yana kyau.

Laraba, karfe 7 na safe

Na lissafa. In nayi shiru ba mai sani har abada. Bera baya magana. Mai gyada bata san hanyar dakin kwamati ba. Gwamnati ce kawai, ita kuma shekara talatin tana rike min asiri, wannan ba zai fi karfinta ba.

Zan iya yage bayan littafin. Takarda goma sha daya ce.

Laraba, karfe 12

Ban yage ba. Rubutun yayi kyau da yawa.

Laraba, karfe 5 na yamma

Gwamnati ta goge min rigar da nake zuwa daurin aure da ita ta rataye a kofa. Ban ce ta goge ba. Kullin gyadar nan da ta kama ta sa min a aljihun gaba.

Nace ina zani da wannan?

Tace kai ka sani.

Alhamis, karfe 9 da rabi

Na basu ruwa na kwashe kwalabe. Ashirin da hudu, duk da ransu. Zafin daki daidai.

Littafin nan zai dan fita yawo.

Jumaa, karfe 11, a bayan takardar buhun abincin beraye

Littafin yana hannun kwamati, sai wannan.

Jiya na shiga ba wanda ya kira ni. Mutum biyar a dogon tebur, Farfesa a gefe, Dakta ita kadai a kujera a tsakiya. Shugabar kwamati tace Baba ba nan bane dakin shara. Nace ranki ya dade shaida na kawo, ni ne babban masani a kan lamba 4.

Ba wanda yayi dariya. Dakin nan ko kai waye barkwanci baya kamawa.

Na ajiye kullin a tebur. Na ajiye littafin na bude baya. Nace lamba 4 Kwamanda, 7 Direba, 9 Amarya, 15 Lauya, 20 Guntu. Wannan kuma yawan gyadar da kowa yaci ne, kullum, mai gishiri, daga hannuna. Ranar da Farfesa ya fara tsayawa a kan awo na riga na daina, dan tsoro. Shi yasa lamba ta warke. Yarinyar nan abinda ta gani ta rubuta.

Farfesa ya cire tabarau yace gyada? Nace gyada ranka ya dade. Yace sati shida? Nace da kwana hudu, yana rubuce.

Wani mai gemu a cikinsu ya dauki littafina ya dauki na Dakta ya jera. Yana bi da yatsa. Yace ranar da Guntu yaci biyu, washegari lamba 20 ta tashi. Ranar da aka rage, ta sauka. Ya bi har karshe yace rana daya bata kauce ba. Yace Baba rubutunka kamar kaza tayi tonon kasa amma lissafinka ba gyara. Nace ai an sha fada.

Dakta bata kalle ni ba. Ko sau daya. Da shugaba tace kina da magana, cewa tayi a bata kullin zata auna gishirin gyada daya. Ta dauka ta fita.

Litinin, karfe 9 na safe

An wanke ta. Amma biyar din an cire su, kuma an ce sha tara basu isa ba, sai ta sake sabon zubi. Wata takwas.

Ni an bani takarda. Baa kore ni ba saboda shekaru, an karbe makullin dakin beraye an maida ni wajen ajiye motoci. Yanzu motar Farfesa ma sai inda na nuna mata take tsayawa. Karin girma ne in ka duba da kyau.

Mai gadi yace Baban Beraye ya koma Baban Motoci. Nace mota ai bera ce babba, sai dai bata san mutum ba.

Gwamnati ta sa sukari yau.

Laraba, karfe 1

Dakta ta wuce sau biyu. Na daga hannu. Tana duba waya.

Alhamis, karfe 4 na yamma

Ta zo ta tsaya a rumfata. Tace Baba sabon maaikacin dakin beraye, lamba 4 ya cije shi sau biyu, yaya kake daukarsa?

Nace Kwamanda baa daukarsa ta wutsiya, manya basa son raini. A kada makulli tukuna ya mike, sannan a sa hannu ta karkashin kirji, dinkin yana gefen hagu kada a matsa.

Ta rubuta a tafin hannu.

Nace Dakta.

Tace na tambaye ka Baba. A gaban kejin na tsaya na tambaye ka, kace ko kuda.

Na gyara zaman kofin shayin a kan benci.

Tace na gode da ka shigo. Amma ban huce ba tukuna.

Nace ba gaggawa, ina nan shekara biyu.

Ta dan tsaya kamar zata kara wani abu, sai wata mota tayi hon tana neman waje, na tafi nuna mata. Kafin in dawo ta tafi.

Kofin mai hoton koda bata ce in dawo dashi ba.

Zafin rumfa ba daidai ba.

Kwamanda, ban sani ba.